TAKARDAR DA BA A KARANTA BA

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo tun jiya kuna zagin Verina, ku ɗan sassauta. Ni da na zauna a Hapuravo na san yadda zaman mace yake a garin da ba nata ba. Ku gama wannan shafin tukuna, sannan wanda ya ga zai iya zagi ya ci gaba.

* * *

Tun da gari ya waye ake buga tsohuwar tukunyar gas ɗin da ke rataye a gaban coci. Ba bugun sujada ba ne. Bugun nan ne mai sauri, wanda ake yi in mutum ya ɓata a ruwa.

Jiya da yamma aka tsinci kwale-kwalen Naolyn yana yawo shi kaɗai a bakin Rafin Ƙasa. Kwandon ƙaguwarta na ciki, ita babu.

Verina ta bi ta bayan gidaje ta nufi ofishin Ƙungiyar Kare Dajin Zeloko, don kar ta haɗu da kowa. Shekararta tara tana sakatariyar kwamitin amintattu. Ba ta taɓa jin ƙafarta ta yi nauyi a kan hanyar nan ba sai yau.

Ta tarar da Ciyaman Jemuel ya riga ta. Yana zaune a kan teburin taro, hularsa a gwiwa.

"Rufe ƙofar," ya ce.

Ta rufe.

"Tana ina?"

"Wa?"

"Malama, kar ki mai da ni yaro. Takardar Rence."

Hannunta ya kai kan jakar saƙar da ke kafaɗarta kafin ta ankara. Ya gani.

Sati uku ke nan da Rence, shugaban masu gadin daji, ya miƙo mata takardar. Shafi biyu ce, da rubutun hannunsa. Ya ga kada a Rafin Ƙasa, rafin da kwamiti da kansa ya buɗe wa mata bana, bayan ya rufe Rafin Sama don ƙaguwa su samu su hayayyafa. A ranar ta kai wa Jemuel. Ya karanta, ya mayar mata, ya ce a jira. Bayan kwana biyu ya tura Rence wani kwas a Honiara, babban birni.

Jemuel ya ciro kwalin ashana daga aljihu ya turo mata a kan tebur.

"Yi yanzu, kafin su iso."

"Ciyaman, mace ce ta ɓata."

"Ta ɓata. Ajiye takarda zai dawo da ita?"

"'Ya'yanta uku. Ƙaramin bai daina shan nono ba."

"Kina jin ban sani ba? Ni na riƙe ta a coci ranar da aka sa mata suna!"

Muryarsa ta tashi, ya yi saurin danne ta. Ya leƙa taga, ya dawo.

"Jibi ne, Verina. Jibi mutanen gwamnati za su zo a sa hannu, dajin nan ya shiga ƙarƙashin doka. Shekara goma sha ɗaya muna wannan yaƙin. In maganar nan ta fita yau, kin san abin da za a ce? Za a ce kwamiti yana kiwon kada yana ciyar da su da matan gari. Rabin dangin da suka ba da ƙasarsu za su janye. Kafin Kirsimeti motocin kamfanin katako suna cikin dajin nan."

Ya nuna wajen teku da hularsa.

"Kin je tsibirin can da suka gama da shi. Kin ga ruwansu. Ja kamar an yanka saniya a ciki. Ba kifi, ba ƙaguwa. Shi kike so wa jikokinki?"

"Da mun dai kafa allo a bakin rafin. Allo kawai."

"Da! Da ya wuce."

Ya sauko daga kan teburin ya matso kusa da ita. Tana jin warin bilnat, goron ƙasar nan mai rina yawu ja, da ya tauna tun safe.

"Bari in tuna miki abu ɗaya, don ina ƙaunarki da mijinki. A ƙasan takardar nan an rubuta an karɓa. Sa hannun wa ke wurin?"



"Nawa."

"Nawa fa?"

"Babu."

"To. Ni ɗan garin nan ne. In suka yi fushi da ni, su sare mini bishiyar kwakwa goma, in yanka alade, Fasto ya yi addu'a, a wuce. Ke kuma 'yar tsibirin Malaita ce. Shekara ashirin da shida da kika yi a nan ba ta canza wannan ba. Kin san abin da ake yi wa gidan baƙo."

Ta sani. Ta taɓa gani da idonta tana budurwa. Har yau ba ta manta ƙaurin rufin ganye yana ci da wuta ba.

Ta ɗauki ashanar. Ba ta kai ga buɗe kwalin ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Wai me kuke yi a ciki kun kulle kanku kamar ɓarayi?"

Muryar Goggo Dalcy ce, wakiliyar mata a kwamiti. Verina ta jefa ashanar cikin jaka, kusa da takardar.

* * *

Su bakwai suka cika. Fasto ya buɗe da addu'a, ya roƙi Ubangiji ya tsare baiwarsa Naolyn duk inda take. Da aka ce amin Verina ta buɗe baki, sauti bai fito ba.

Ta buɗe littafin taro ta rubuta kwanan wata. Ta rubuta ba daidai ba, ta soke.

Jemuel ya gyara murya.

"'Yan'uwa, abin da ya same mu babba ne. Amma kar mu yi gaggawa. Ba wanda ya san abin da ya faru. Wataƙila santsi ne, wataƙila ruwa ne ya ja ta..."

"Naolyn?" Goggo Dalcy ta tofar da jan yawu a gwangwanin da take yawo da shi. "Yarinyar da ta iya iyo kafin ta iya tafiya? Jemuel, faɗi wata."

"Goggo, a bar ni in gama."

"Gama. Amma duk matan garin nan sun san abin da ke ɗauke mace daga bakin taɓo ba ko ihu."

Ba wanda ya furta sunan. Ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar wandonsa.

"Abin da nake so," in ji Jemuel, "mu rubuta sanarwa a kan cewa haɗari ne, kwamiti yana tare da iyalinta. Malama, rubuta."

Biro na hannunta. Ta rubuta kalma biyu.

Sai hayaniyar waje ta ɗauke ɗif.

Wannan shirun ya fi hayaniyar ban tsoro. Ta ji takun ƙafa a kan matakalar katako. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ƙofar ta buɗe.

Tione ne, mijin Naolyn. Taɓo ya bushe a jikinsa har ƙirji. Ƙafafunsa duk yankan kodi, jini ya daskare a kai. Adda na hannunsa na dama, a sake, bakinta na kallon ƙasa. Ƙannensa biyu suka tsaya a bakin ƙofa suka cike ta. A kowace taga fuskokin mutane sun yi cincirindo.

"Barkanku da zama, iyayena," ya ce.

A hankali ya faɗa, cikin ladabi. Gara a ce ihu ya yi.

Fasto ya miƙe. "Ɗana, ajiye addar mu yi magana."

"Ba ta dame ni ba, Fasto. Zauna."

Fasto ya zauna.

Tione ya juya ga Jemuel.

"Kawu, tambaya ɗaya na zo da ita. Ban yi makaranta kamar ku ba, shi ya sa na ce bari in zo wurin masu ilimi."

"Ina jin ka, ɗana."

"Da na fito daga ruwa yanzu, matar Rence ta tare ni tana kuka. Ta ce in yafe mata. Na ce me kika yi mini? Ta ce sati uku ke nan mijinta ya hana ta shiga Rafin Ƙasa. Ya ce in ta shiga a bakin aurenta. Bai faɗa mata dalili ba."

Ya ɗan tsaya, ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya sa mai gadinku ya hana matarsa, tawa kuma ba wanda ya hana ta?"

Jakar na kan cinyar Verina, ta danne ta da hannu biyu kamar abin ciki zai fito da kansa.

"Wannan sai Rence ya dawo," in ji Jemuel. "Tsakanin mutum da matarsa..."

"Ba sai ya dawo ba."

Tione ya miƙa hannun hagu ya ɗauki Littafi Mai Tsarki daga gaban Fasto, ya ajiye a tsakiyar tebur.

"Kowa ya ɗora hannu. Ya faɗa mini bai sani ba. Sai in koma in ci gaba da neman matata."

Goggo Dalcy ce ta fara. Ta ɗora tafinta gaba ɗaya.

"Na rantse da wanda ya yi ni, ban sani ba. Da na sani, da sai dai a bi ta kaina a shiga rafin nan."

Dattawan uku suka bi. Fasto ya bi, hawaye a idonsa.

Littafin ya iso gaban Jemuel.

Bai yi jinkiri ba. Ya ɗora hannu ya dubi Tione ido cikin ido.

"A gaban Allah, ba a taɓa karanta wani rahoton kada a zaman kwamitin nan ba."

Verina ta ɗago da sauri. Gaskiya ya faɗa. Ba a taɓa karantawa ba. Ya ɗauke hannunsa a tsabtace, ya turo littafin gabanta da ɗan yatsa.

"Malama," in ji Tione. Muryarsa ta ɗan yi laushi. "Ke kika koya mini karatu a aji uku. Ke kika koya wa Naolyn. Na san ba sai kin rantse ba, amma yi don waɗannan na waje."

Ta dubi baƙin bangon littafin. Hannunta ya ƙi tashi.

Sai ta faɗi abin da Ciyaman ya faɗa, in ji zuciyarta. Kalma bayan kalma. Ba ƙarya a ciki. Ta tashi ta koma gida, gidanta na nan a tsaye.

Ta ɗaga hannu.

"Dakata, ɗan nan," in ji Goggo Dalcy. "Kafin mu ƙare da rantse-rantse, wa ke cikin ruwa yanzu? Ina da ina aka duba?"

Tione ya share fuska da bayan hannu.

"Bakin teku mun gama, ba komai. Tsibirin yashi ba komai. Saura reshen hagu, can ciki bayan faɗaɗɗiyar bishiya. Manyan jirage ba sa shiga. Na roƙi Baba Alick ya shiga da nasa tunda siriri ne. Shi da samari biyu da Joylyn, ta ɗauki akwatin maganinta ko za a dace."

Hannun Verina ya tsaya a sama.

"Wa ka ce?"

"Baba Alick. Mijinki, Malama. Da 'yarki."

"A'a. A'a, bakin teku ya ce mini za su bi. Da bakinsa ya faɗa mini!"

"Ni na canza musu hanya. Sun kai awa biyu da shiga."

Da asuba da Alick ke ɗaura tsumma a gwiwarsa mai ciwo, ta tsaya a kansa da kofin shayi. Maganar ta zo mata har maƙogwaro. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, ka kula. Ya yi dariya ya ce shekara talatin yana cikin ɗakin injin jirgin ruwa bai mutu ba, ba ɗan rafin ƙauyensu ne zai kashe shi ba. Mutumin da rabin rayuwarsa a teku ya yi ta. Bai san dajin nan ba. Ko ramin ƙaguwa ba ya iya ganewa.

Reshen hagu. Bayan faɗaɗɗiyar bishiya.

Ta san kalmomin nan. Sati uku suna hana ta barci.

"Malama," in ji Jemuel a hankali. "Ɗora hannu a wuce wurin."

Ba ta ko dube shi ba. Ta zuge jaka. Kwalin ashanar ya fara faɗowa, ya tarwatse a ƙasa. Sannan takardar.

"Verina!" in ji Jemuel.

Ta miƙe tsaye. Ta dafa tebur.

"Tione, ba zan rantse ba. Na sani."

Wata mace ta yi ƙara a bakin taga.

"Na sani tun sati uku. Ga shi nan. Ku saurara, don Allah ku saurara, babu lokaci."

Ta buɗe takardar.

"Zuwa ga kwamitin amintattu. Ranar Talata na ga sawun kada a taɓon Rafin Ƙasa. Faɗin cikinsa ya fi tsawon hannuna. Ranar Alhamis na gan shi da idona. Ya kai tsawon kwale-kwale mai cin mutum huɗu. Ina roƙo a rufe rafin yau, a kira 'yan sanda daga garin Gizo su zo da bindiga."

"Yesu," in ji Fasto. "Yesu, Yesu."

Ta juya shafi.

"Ba shi kaɗai ba ne. Akwai mace. Ta yi sheƙa a reshen hagu, bayan faɗaɗɗiyar bishiya, inda ruwan daɗi ke sauka. Tarin ganye da ciyawa ne, ya kai ƙugu. Ba ta nisa da wurin. Ta biyo ni har jirgi. Kada kowa ya taka wurin nan har sai ta ƙyanƙyashe."

Ta sauke takardar.



Sai addar Tione ta tashi.

Verina ta runtse ido. Ta ji iskar wucewarta, ta ji ƙara kamar an harba bindiga. Da ta buɗe ido, addar ta nutse a cikin tebur, taƙi ɗaya daga yatsunta. Littafin taro ya rabu biyu.

"Sati uku!" Yanzu kam ihu yake. "Sati uku tana wucewa ta ƙofar gidanki da kwando! Tana gaishe ki! Ranar Asabar ta kawo miki ƙaguwa har gida, kika karɓa kika ci!"

"Na ci," ta ce. Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Na ci, Tione."

"Fito da ita!" wani ya yi ihu daga waje. "Fito mana da 'yar Malaitan nan!"

Dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Wani ya biyo.

Jemuel ya miƙe, ya ɗaga hannuwa biyu. Fuskarsa cike da mamaki, kai ka ce yau ya fara jin labarin.

"Jama'a, ku shaida. Yau na fara ganin takardar nan. Malama, me ya sa? Me ya sa kika ɓoye mana? Fasto, duba ƙasan. Sa hannun wa ke wurin?"

Fasto ya ɗauka ya duba. Ya ɗago ya dubi Verina, kowa ya gane.

"Kai ka ce in ajiye," in ji Verina. Muryarta ta fito siririya kamar ta yarinya. "Kai ka ce sai bayan an sa hannu. Ashanar nan ma da ke ƙasa..."

"Ni? Ina shaidarki?"

Ba ta da shi. Ta dubi dattawan, kowa ya kau da kai. Ƙannen Tione suka shigo ciki taku biyu.

Goggo Dalcy ta ajiye gwangwaninta a hankali.

"Jemuel."

"Goggo, ba yanzu ba."

"Yanzu. Sati uku ke nan matarka tana zuwa gidana sayen ƙaguwa."

Ta matso kusa da shi.

"Matar da duk garin nan ba wadda ta kai ta iya kamu. Na ce ke lafiya? Ta ce bayanta ke ciwo. Jiya na gan ta ɗauke da buhun rogo a ka daga gona, tana tafiya kamar budurwa. 'Ya'yanka mata biyu ma, rabon da in gan su a rafi tun ranar da Rence ya tafi."

Ta juya ga taga.

"Ko ƙarya nake, matan gari?"

"Gaskiya ne!" murya ta amsa. "Ba su ƙara zuwa ba!"

"Gaskiya ne, mun yi ta tambaya!"

Jemuel ya nemi kujera da hannu ta baya bai samu ba.

Tione ya kama ƙotar addar ya fizge ta daga tebur. Ya dubi Jemuel. Ya dubi Verina. Ƙirjinsa na hawa da sauka.

Ba ta san inda ta samu ƙarfin ba. Ta zagayo tebur ta tsaya a gabansa, ta kama gaban rigarsa mai taɓo.

"Kashe ni. Ka ji? Na yarda, ni da shi duka. Ku ƙona gidan. Amma ba yanzu ba. Mutum huɗu na can kan hanyar sheƙar nan ba su sani ba, kai ka tura su. In Naolyn na da rai, can take. Ka ba ni jirgi mai inji, Tione. In mun dawo ka yi abin da ka ga dama."

Ya tsaya yana kallon ta. Idonsa ja wur.

Ya miƙa hannu wajen Jemuel ba tare da ya dube shi ba.

"Makullin ɗakin inji."

Jemuel ya laluba aljihu. Makullin ya faɗi ƙasa. Ƙanen Tione ya ɗauka.

"Ku tsare shi a nan," in ji Tione. "In ya motsa ku karya masa ƙafa."

* * *

Gudu Verina take, ba ta san ta bar takalmanta a ofis ba. Mutane suka dare mata hanya. Wata ta tofa mata yawu a wuya. Wani ya jefe ta da ɓawon kwakwa ya same ta a kafaɗa. Ba ta ji zafin ba.

A bakin gadar da jirage ke tsayawa samari suka kinkimo injin suka ɗaura a bayan jirgin ƙungiya. Tione ya ja igiya. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja. Ya mutu.

"Mai! An duba mai?"

"Ana kawowa!"

Verina ta durƙusa a kan katako tana kallon bakin rafin. Ruwa ya fara cikowa. Saiwoyin itatuwa suna nutsewa ɗaya bayan ɗaya.

Ubangiji, ni ce. Ni na yi. Kar ka ɗora a kansu.

"Ga jirgi! Ga jirgi can!"

Ta miƙe zumbur.

Siririn kwale-kwalen Alick ne ya fito daga cikin itatuwa. Ya yi nauyi, ruwa na kusan shafar bakinsa. Samarin biyu na tuƙi kamar ana bin su. A tsakiya Joylyn na durƙushe, rigarta ta asibiti ta rine da jini, ta rungume kan wani a cinyarta.

"Tana da rai!" Joylyn ke ihu. "Naolyn na da rai! Ku kawo abin ɗauka!"

Gadar ta kaure. Mata na guɗa, wasu na kuka, wasu sun zube suna kiran Yesu. Tione ya yar da adda ya faɗa ruwa da kayansa, ya tari jirgin tun bai iso ba.

Aka ɗago ta. Ƙafarta ta hagu an ɗaure da riga daga gwiwa zuwa ƙasa, rigar ta jiƙe sharkaf. Leɓɓanta fari fat. Amma da Tione ya kira sunanta, idonta ya motsa.

"A kan bishiya muka same ta," in ji Joylyn tana haki. "Ya kama ta a taɓo, ta riƙe reshe, naman ya yage ta haye. A can ta kwana. Ta ɗaure kanta da zani don kar ta faɗo. Sai an kai ta Gizo yanzu-yanzu."

Verina ta kutsa cikin mutane ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu. Ta shafa kanta, ta shafa hannuwanta.

"Ba abin da ya same ki? Jinin nan..."

"Nata ne, Mama. Lafiyata ƙalau. Wai me ya samu kafaɗarki? Ina takalmanki?"

Verina ta leƙa cikin kwale-kwalen. Samari biyu. Akwatin magani. Ruwa da jini a ƙasa.

Ta sake dubawa.

"Joylyn."

"Na'am?"

"Ina babanki?"

"Au, Baba? Jirgin ba zai ɗauke mu mu biyar ba, ga ta a kwance. Ya ce shi ya fi kowa nauyi, kuma bai iya ɗinki ba, bai iya tuƙi da sauri ba. Ya sauka. Ya ce a koma a ɗauko shi."

"Ya hau bishiya?"

"Da wace gwiwar? Ya gwada ya kasa. Kar ki damu, Mama, ba a bakin ruwa muka bar shi ba. Mun samar masa wuri mai tudu, busasshe."

Hayaniyar gadar ta fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Waɗanda suka ji karatun takardar duk sun juyo. Tione, da matarsa a hannu, ya tsaya cak a cikin ruwa.

Joylyn ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya faru? Me ya sa kuke kallona haka?"

"Wane tudu?" in ji Verina.

"Wani tarin ganye ne, bayan faɗaɗɗiyar bishiya kaɗan. Ya hau ya zauna abinsa yana ta ba mu dariya. Wai wurin da ɗumi kamar an hura wuta a ƙasa. Ya ce na kazar dajin nan ne mai binne ƙwai."

Ta ɗan yi murmushi.

"Har ya ce in gaya miki ki ɗora ruwa. Kafin a koma zai tono miki guda biyu."